Kun Tambaya, Mun Amsa: Duwatsun Abzin, Ruwan Tafadek da Garaken Timiya

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata arewa. Masu karatu da dama daga Maraɗi da kewaye suna son zuwa duwatsun Abzin, wasu don buɗe ido, wasu don neman sauƙin ciwo. Mun zaɓi shida daga ciki.

Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, abokan kasuwanci a unguwar Zariya, Maraɗi. Muna son zuwa Timiya mu ga garaken lemun da ake ba da labari. Wane lokaci ya fi, kuma ta ina za mu bi?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku sa tafiyarku tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A lokacin rana ba ta ƙuna, koramu sun bushe, lemu kuma ya nuna a Timiya. Daga Afrilu zuwa Yuni duwatsun suna riƙe zafi har cikin dare. Damina kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, ita ce mai hatsari, domin galibin hanyoyin cikin Abzin a cikin korama suke bi. Ana iya yin ruwa a kan wani dutse mai nisa, ku ba ku ga ko hadari ba, sai ambaliya ta taho da itatuwa da duwatsu. Abin da ya auka wa Agadas ke nan a farkon Satumban 2009, lokacin da koramar Telwa ta cika ta rushe gidaje masu yawa. Ko da rani, kada ku shimfiɗa tabarma ku kwana a tsakiyar korama, komai laushin yashinta.

Hanya biyu ce zuwa Agadas. Ta Damagaram, Tanut da Adarbisanat kusan kilomita 700 ce. Ta Tsarnawa, Tawa da Abalak ta ɗan fi tsawo. Lafiyar kwalta tana canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka ku je tasha ku tambayi direbobin da suka sauko a makon. Ku ware yini guda cur don wannan zango, ku kwana biyu a Agadas. Yini ɗaya na sayayya ne da neman mota, sauran lokacin ku shiga tsohon gari ku ga hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Daga Agadas zuwa Timiya kilomita 200 ne da ɗoriya, ta Dabaga da Elmeki, kuma ba kwalta. Kada adadin ya ruɗe ku. Tafiyar kusan yini ce, sai da kat-kat, wato mota mai ja da tayoyinta huɗu duka. Kafin ku biya kuɗi ku duba motar da idonku: tayar safaya biyu, jak, famfon iska, shebur, jarkar ruwa, da man zuwa da dawowa. A irin wannan hanya kat-kat tana shan lita 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, a cikin yashi fiye da haka. Abin da ya fi tsayar da mota a can duwatsu ne masu kaifi da suke yanka gefen taya, irin yankan da faci ba ya kamawa. Ku yanke magana tun a Agadas a kan wanda zai sayi mai, abincin direba, da kuɗin ranar da mota ta kwana ba ta motsa ba. Ku riƙe tsabar kuɗi da canji, don bayan Agadas babu banki, waya ma sai a wasu wurare take kamawa.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Tun bayan bayyanar zinari a arewa a 2014 zirga-zirga ta ƙaru, ƴan fashi ma sun ƙaru. Akwai kuma wuraren da aka binne nakiyoyi a lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, shi ya sa ba a barin sawun da motoci suke bi. Ku je ofishin yawon buɗe ido na jihar Agadas ko wajen jandarma, ku ji halin hanya a ranar, da ko ana buƙatar takardar izini ko rakiya. In sun ce a dakata, ku dakata. Ku ɗauki jagora ɗan yankin wanda aka sani, kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa, kuma kada magariba ta same ku a hanya.

Harshe ba zai ba ku wahala ba. Mutanen Timiya Abzinawa ne, na ƙabilar Kel Ewe, kuma ayarin raƙumansu ya daɗe yana kai gishirin Bilma zuwa Damagaram da Kano, saboda haka mazansu da yawa suna jin Hausa sarai.

Mahaifiyata ta haura shekara sittin, tana fama da ciwon gwiwa. Tana kuma da hawan jini da ciwon sukari. Maƙwabta sun ce mu kai ta Tafadek ta yi wanka da ruwan zafi, wai yana warkarwa. Ina neman shawara. Daga wata ƴar'uwa a Tasawa.

Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyarta. Tafadek tana arewa da Agadas, kimanin kilomita 80, kuma tun da daɗewa mutane suke zuwa can saboda ciwon gaɓoɓi da na fata. Ruwan yana fitowa da zafinsa daga ƙarƙashin ƙasa. Ruwan sama ne da ya nutse ta tsagogin dutse zuwa zurfin da ƙasa take da zafi, ya ɗumama, ya narkar da gishirin dutse, sannan ya sake ɓullowa.

Gaskiya ne yana kawo sauƙi. Zafi yana sassauta naman jiki, jini ya gudana a gaɓa, ruwa kuma ya ɗauke wa gwiwa nauyi. Mutum yakan fito ya ji sakayau, sauƙin ya kai kwanaki ko makonni. Amma gurunguntsin gwiwa da ya cinye ba ya dawowa da wanka, hawan jini da sukari ma ba sa tafiya. Babban abin da muke tsoro shi ne mai jinya ya ji daɗin jikinsa ya ajiye maganinsa. Ku tafi da maganinta na dukan kwanakin, da ƙarin na mako guda.

Ciwukan nan biyu su ne suka sa dole a bi a hankali. Ruwan zafi yana buɗe hanyoyin jini, jini ya sauka. Mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa fitsari, in ya daɗe a ciki ya miƙe tsaye farat ɗaya, sai jiri ya kwashe shi. Faɗuwa a kan dutse ko suma a cikin ruwa ya fi ciwon gwiwar muni. Shi kuma sukari in ya daɗe yana kashe jin tafin ƙafa. Inna za ta iya sa ƙafa a ruwan da yake ƙona ta, ta ce miki ba ta ji komai ba, sai washegari a ga bororo, kuma kin san gyambon mai sukari ba ya jin magani da wuri. In tana allurar insulin, zafi yana sa allurar ta shiga jini da sauri, sukari ya faɗi. Kada ta shiga ruwa da yunwa ko daf da yin allura, kuma a ajiye dabino ko sukari kusa.

Kafin ku tashi, ku kai ta likita a auna jini da sukari, ku faɗa masa inda za ku. In ya hana, ku haƙura. In ya yarda, a can kada ta shiga inda ruwan yake ɓullowa. A ɗebo a babban baho a bar shi ya huce, ko a sirka. Zafin da ya dace da jiki digiri 37 ne zuwa 39, kada ya wuce 40. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin ƴan sakanni. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a famasi ki tsoma bakinsa a ruwan. Iyakarsa wajen digiri 42 ce, in ya ƙure to ruwan ya yi zafi da yawa. In babu shi, ke ki gwada da gwiwar hannunki, ba ita ba. Ranar farko minti biyar ya isa, ruwa iya ƙugu. In lafiya lau, a kai minti goma, kada a wuce sha biyar, sau ɗaya ko biyu a yini, da safe ko da yamma. Ta sha kofi biyu na ruwa kafin ta shiga, biyu bayan ta fito. In za ta fito ta fara zama a baki na minti biyu, a kama ta ta miƙe, a lulluɓe ta, ta kwanta rabin awa inda iska ba ta bugawa. Kullum da dare ki duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu da fitila. Da ta ce tana jin jiri, tashin zuciya, bugun ƙirji ko ciwon kai, a fito da ita nan take.

Gwiwar da ta kumbura, ta yi ja, tana zafi in an taɓa, ba ta son ruwan zafi, ƙara mata yake yi. Wannan ta asibiti ce. Mai ciki, ƙaramin yaro, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya da mai buɗaɗɗen gyambo kada su shiga. Kowa ma kada ya nutsar da kansa ko ya shaƙa ruwan ta hanci, domin ruwan ɗumi na ƙasa yakan ɗauki wata ƙwayar cuta da take bi ta hanci zuwa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kamawa ba, amma in ta kama da wuya a tsira. Za ki ga masu cika jarka suna sha da sunan magani. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya bi su, ruwan shanku ku taho da shi daga Agadas.

Ki kuma auna hanyar kanta. Kusan kilomita ɗari shida daga Tasawa a motar bas, sannan girgizar kat-kat, ba ƙaramin aiki ba ne ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, babban asibiti mafi kusa kuma yana Agadas. In kin ga jikinta ba zai ɗauka ba, gashi da tawul da ruwan ɗumi minti goma sha biyar safe da yamma, rage ƙiba, da motsa gwiwa a zaune za su ba ta kaso mai yawa na wannan sauƙin a ɗakinta.

Ni ɗalibi ne a jami'ar Maraɗi. Ni da abokaina muna son hawa Bagzan a hutun Disamba. Ba mu taɓa hawa dutse ba. Me za mu tanada?

Samari, kun zaɓi wuri mai kyau. A kan Bagzan ne ƙololuwar Idukal-n-Tages take, mita 2,022, wuri mafi tsawo a Nijar. Saman dutsen shimfiɗaɗɗe ne, da ƙauyuka da garake a wajen mita 1,500, inda ake noman tafarnuwa, albasa da dankalin Turawa. Albasar Agadas da take shigowa kasuwa a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, daga wannan yanki da kwarin Tabelot take fitowa. Ta gefen Tabelot ɗin aka fi hawa, da ƙafa, jakuna ɗauke da kaya.

Ɗan Maraɗi ya san rana, ya san ƙishirwa. Abin da yake shammatarsa a can sanyi ne. Duk hawan mita dubu, zafi yana raguwa da wajen digiri shida da rabi. Maraɗi ba ta kai mita 400 ba, ke nan saman Bagzan ya fi gida sanyi da digiri takwas zuwa goma. Ku tuna asubar Janairu a nan, ku cire goma. Wasu darare ruwa yana daskarewa a kwano. Kowa ya riƙe bargo biyu ko jakar barci, da katifar soso siririya, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Ku sa tufafi hawa-hawa: riga ta ciki, suwaita, da rigar da iska ba ta ratsawa, sai hular sanyi da safa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a hau da kaya masu nauyi a jiki, a jiƙe da gumi, a zauna hutawa a cikin iska. Ku rage tufafi in kuna hawa, ku ƙara da kun tsaya, kuma ku ajiye busasshiyar riga ta barci kawai. Kada ku shiga da garwashi cikin ɗaki ko tanti ku rufe, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum a cikin barci.

Takalmi ya zama rufaffe, mai taurin ƙasa da gurza-gurza, ya fi ƙafarku da faɗin yatsa ɗaya. Kada ku je da sabo fil. Ku yi mako biyu kuna yawo da shi. A gangara yatsu suke dukan gaban takalmi har farce ya mutu, don haka ku yanke farce, ku ɗaure igiya tamau kafin saukowa. Da kun ji wani wuri yana zafi a dunduniya, ku tsaya ku manna filasta tun bai zama bororo ba.

Ruwa lita huɗu zuwa biyar ga kowane mutum a yini, ban da na girki. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, busasshiyar iska kuma tana shanye jiki ba a sani ba. Fitsari ne ma'auni: in ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Na rijiya ko na kwarmin dutse a tafasa shi ya yi minti uku yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa a jira rabin awa. Kada ku yi wanka da sabulu a kwarmin dutse, shi mutane da dabbobi suke sha. In zawo ya kama wani, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa.

Ku tashi bayan sallar asuba. Lissafin masu hawa shi ne kilomita huɗu a awa a miƙaƙƙiyar hanya, a ƙara awa guda ga kowane hawan mita 300 zuwa 400. Wanda ya fi kowa rauni shi zai bi bayan jagora, a tafi da takunsa. In ba ku iya magana kuna tafiya, kun yi sauri. Jakar baya kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinku, sauran na jaki ne. Ciwon tsauni na gaske yakan fara ne daga mita 2,500, don haka haki kawai za ku yi. Saukowa ta fi hawa jin rauni, saboda gajiya da tsakuwa mai zamewa. Ku riƙe sanda, ku gajarta taku.

Ku kakkaɓe takalmi da bargo kowace safiya saboda kunama, kada ku zura hannu ƙarƙashin dutse. In maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗora shi a jaki zuwa likita mafi kusa.

Tun yanzu ku fara shiri. Tafiyar awa guda a yashin gulbi da jaka mai kilo bakwai, sau uku a mako, da hawa da saukar matakalar bene, na wata guda.

Ƙanena yana da sikila, ya nace sai ya bi mu Bagzan.

Kada ya hau. Ƙarancin iska a sama, sanyi, gajiya da bushewar jiki, kowanne shi kaɗai yana tayar da ciwon, a can kuwa duka huɗun suke haɗuwa, ga asibiti da nisa. In likitansa ya yarda, ya tsaya a Agadas.

Ni mai abincin sayarwa ce a Sabon Gari. Me ake ci a can, kuma yaya ake gurasar nan da ake gasawa cikin yashi?

Uwar ɗaki, sunanta tagella. Ga kilo guda na garin alkama, ƙaramin cokali biyu na gishiri da ruwa wajen rabin lita da ɗan ƙari. Ba yis. A murza minti goma sha biyar zuwa ashirin har ƙullin ya daina kama hannu, a fyaɗa shi ya yi faɗin faranti, kaurin yatsa biyu. Tun kafin nan an hura wuta a kan yashi mai tsabta, busasshe, ta ci ta zama garwashi. A ture garwashin gefe, a buɗe ɗan gurbi a yashin mai zafi, a ajiye ƙullin, a bi samansa da reshe mai ci da wuta don fatar ta bushe, sannan a rufe da yashi mai zafi, garwashi a bisa. Bayan minti ashirin a tone, a juya, a sake rufewa na kusan haka. In kin ƙwanƙwasa kin ji amo, ta yi. A kakkaɓe, a kankare da wuƙa, a ɗauraye da ruwa kaɗan da sauri, a gutsuttsura a kwano, a zuba miyar tumatir da albasa da nama, ko man shanu kawai.

In ta ɗebi yashi, ƙullin ya yi ruwa ne ko yashin bai yi zafi ba. In waje ya ƙone ciki ɗanye, ta yi kauri ko garwashi ya taɓa ta kai tsaye. Yashin gulbi yana yi, in an tankaɗe shi kuma daga wurin da dabbobi ba sa bi.

Sai egajira, furar matafiya: gero da dabino da cuku a daka tare, a dama da ruwa. Tana riƙe ciki yini guda. A garaken Timiya akwai lemu, rumman, inabi, ɓaure da dabino, kowanne da lokacinsa, har yanzu kuma za ki ga rijiyar da raƙumi yake jan gugarta yana komawa. Garka ta mai ita ce, a yi sallama a saya, kada a tsinka. Shayi zagaye uku ne, ba a tashi bayan na farko. Nonon raƙumi ko na akuya kuwa a roƙi a tafasa, don ɗanyensa yana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Wake yana daɗewa bai nuna ba a kan dutse, saboda ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba, sai a jiƙa shi tun dare.

Ina da iyali da ƙananan yara, Abzin ya yi mana nisa. Akwai wani wurin? Daga Madarunfa.

Akwai Wikki, a gandun dajin Yankari, jihar Bauchi a Najeriya. Ruwansa ɗumi ne, wajen digiri 31 rani da damina, garau har ana ganin yashin ƙasa, don haka yara suna iya shiga. Hanyar ita ce Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, Bauchi. Ku bincika halin iyaka da na zangon Jibiya kafin ku tashi, ku yi shi da rana, ku riƙe takardun kowa da katin rigakafin shawara. Wajen da ruwan yake ɓullowa yana da zurfi, yara su tsaya ta ƙasa inda bai kai ƙugu ba, babba na riƙe da su. Abinci kuma a bar shi a rufe cikin ɗaki, domin gwaggon birin wurin yana fizge leda daga hannun yaro.